M1 E0 S1 T1 C0: wa zai fassara min takardar bayofsin ƙodata?

Malamar Lissafi:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta tattaunawarku ban taɓa tsoma baki ba. Yau tura ta kai bango.

Shekarata 34, lissafi nake koyarwa a sakandare, ina da yara biyu. Wata biyar da suka wuce na yi ciwon maƙogwaro, irin wanda duk mai koyarwa ya saba da shi, ko aji ban fasa shiga ba. Kwana biyu da farawarsa na tashi da asuba na ga fitsarina ya koma ja mai duhu, kamar ruwan da ya kwana a bokiti mai tsatsa. Ba zafi, ba raɗaɗi. Bayan kwana uku ya washe, na ce shi ke nan. Abin da ya ƙi tafiya shi ne kumfa. Kullum sai in ga kumfa kamar an zuba sabulu, kuma ba ta bajewa da wuri.

Aka shiga gwaje-gwaje. Fitsarin awa 24 da na tara a jarka ya nuna furotin giram 1.4. Kiriyatinin, dattin jinin da ƙoda ke tacewa, 1.1. Ƙarfin tacewar ƙoda, wanda suke rubutawa eGFR, 68. Awon jinina 142/90, ni da ban taɓa sanin ina da hawan jini ba. Likitan ƙoda ya ce sai an ɗebo ɗan naman ƙodar an duba, wato bayofsi. Na kwanta ruf da ciki, aka kashe wurin da allura, aka ce in riƙe numfashi, na ji ƙas sau biyu. Daga nan awa shida ina kwance rigingine.

Sakamako ya fito bayan kwana 12. Likita ya ce wani sinadarin garkuwar jikina mai suna IgA ne yake maƙalewa a matatun ƙodar, wato cutar ƙoda ta IgA. Ya ɗora ni a kan losatan, maganin hawan jini, ya ce in rage gishiri, in guji magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, in dawo bayan wata uku. Mutumin kirki ne, amma marasa lafiya sun yi masa yawa, ni kuma kaina ya ɗaure. Sai da na fito na tuna duk tambayoyin da ya kamata in yi.

Ga abin da ke takardar. Matatu 14, biyu sun mutu gaba ɗaya. IgA 3+, C3 2+, C1q babu. Tabo a bututu da naman da ke tsakaninsu kimanin kashi 30 cikin 100. Sai layin ƙarshe: M1 E0 S1 T1 C0.

Ni sana'ata lambobi ce. Na ga 1 guda uku da 0 guda biyu, na tara na samu 3, sai na tsaya cak, don uku cikin nawa? Biyu cikin 14 kuwa ɗaya bisa bakwai ke nan. Ashe ɗaya bisa bakwai na ƙodata ya riga ya tafi? 3+ ɗin nan fa, shi ne ƙarshen muni? Tambayar da na kasa yi wa likita ido da ido ita ce: shekara nawa suka rage min kafin wankin ƙoda? Autata shekararta huɗu. Don Allah kada a lallashe ni, lamba nake so.

Mai Fatan Alheri:

Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa, ya sa kaffara ce. Ki riƙa shan ruwa da yawa, zai wanke miki ƙodar. Kuma ki daina karanta takardun nan, su ke ƙara wa mutum ciwo.

Mai Madubi:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. Irin takardar da ke hannunki ita ce aikina, shekara 19 ina zaune gaban madubin awo ina rubuta su. Ban ga gilashin da aka shimfiɗa yankan namanki a kai ba, kuma ni ba likitanki ba ne, amma haruffan zan iya buɗe miki su. Ruwa kuwa ki sha gwargwadon ƙishi. Abin da ya maƙale a matata ba datti ba ne da za a ɗauraye.

Da farko ki ajiye tarawa. Ba a tara su. Kamar ɗalibi ne aka rubuta makinsa, da tsawonsa, da kwanakin da ya yi fashi. Ba kya haɗa su ki ce ga jimla.

Kowace ƙoda tana da matatu wajen miliyan ɗaya. Kowace matata dunƙulen siraran jijiyoyin jini ce, da wata saƙa a tsakiya da ke riƙe da su, duka a cikin wani ɗan ƙoƙo. Daga ƙoƙon wani dogon bututu ya miƙe, shi ke mayar wa jiki ruwa da gishirin da bai kamata su zube ba. A saƙar tsakiyar nan IgA yake zama. Jean Berger da Nicole Hinglais ne suka fara bayyana cutar a Faris a 1968, kuma aka shafe shekara 40 kowane mai duba gilashi yana auna ta da mudunsa. A 2009 ne aka haɗu a kan tsarin Oksfod, bayan an bi marasa lafiya 265, aka tace aka ga waɗanne alamomi ne ƙwararru suke iya yarda da juna a kansu kuma suke da alaƙa da makomar ƙoda. Huɗu suka tsira, M, E, S, T. C daga baya aka ƙara ta, a gyaran 2016.

M1 yana nufin a fiye da rabin matatun ƙwayoyin saƙar tsakiya sun yi yawa, IgA ya tsokane su sun hayayyafa. E0 labari ne mai daɗi, cikin jijiyoyin bai cushe da ƙwayoyin kumburi ba. S1 na nufin aƙalla matata ɗaya ta yi tabo a wani ɓangarenta. Ki lura, ɗaya tak ta isa a rubuta S1, shi ya sa yawancin takardun da nake sa wa hannu S1 ne.

C ita ce jinjirin wata. Idan bangon jijiya ya fashe, ƙwayoyi sukan taru a cikin ƙoƙon su zagaye matatar su shaƙe ta, kuma a madubi siffarsu sak jinjirin wata. Kyakkyawan suna, mugun abu. Idan ya kama ƙasa da kwata na matatun C1 ne, kwata ko fiye C2. Ke C0.

Yanzu T, wadda ita ce ta fi nauyi a takardarki, tunda kin ce kada a lallashe ki. T ba matata take dubawa ba, bututu da naman tsakaninsu take dubawa: nawa suka motse, nawa tabo ya maye. Har zuwa kashi 25 T0, daga 26 zuwa 50 T1, sama da 50 T2. A kusan duk binciken da aka sake yi bayan na Oksfod, ciki har da na mutum 1,147 daga ƙasashen Turai 13 da aka wallafa a 2014, T ce ta fi sauran nuna wanda ƙodarsa za ta ja baya. Dalilin a fili yake. M da E da C wuta ce da ke ci, ana iya kashe ta. S da T bangon da ya riga ya ƙone ne. Tabo ba ya komawa bututu. T1 na faɗa miki cewa cutar ta girmi ciwon maƙogwaron nan da shekaru, ranar jan fitsari ce kawai ta yi sallama.

Amma ki san yadda ake samun 30 ɗin nan. Ba na'ura ke ƙirgawa ba. Mutum ne yake rina yankan, ya kalla, ya ƙiyasta. Ido ba mudu ba, ya san kima, amma abokin aikina yana iya kallon gilashi ɗaya ya ce 25, sai ki koma T0 ba tare da komai ya canza a jikinki ba. Kina kusa da bakin layin, ba a tsakiyar T1 kike ba. Kuma duk da haka T ce muka fi dacewa da juna a kanta. M da E mun fi saɓani.

Batun ɗaya bisa bakwai, ke ce malamar lissafi. Matatu 14 aka zaro daga cikin kusan miliyan biyu. Da allurar ta karkata kaɗan ta samu matacciya ɗaya ko uku, da kin ce kashi 7 ko kashi 21. Tsarin Oksfod yana son aƙalla matatu takwas kafin a ba da maki, naki ya wadatar, amma hoton lungu ɗaya ne a rana ɗaya.

3+ kuwa ki sauke shi daga ranki. Ƙarfin ƙyallin koren rini ne a ɗaki mai duhu. Yana tabbatar da sunan cutar, ba ya auna muninta. A wani bincike a Japan an ga IgA zaune a kimanin ɗaya cikin shida na ƙodojin da aka ba da don dashe, ƙodojin da aka ɗauka lafiyayyu.

Lambar da kike nema akwai makamanciyarta. A 2019 Sean Barbour na Kanada da abokan aikinsa sun fitar da wani ma'auni daga bayanan mutum kusan 4,000, akasarinsu Turawa da 'yan Sin da Japan. Ana saka shekaru, eGFR, awon jini, furotin, magungunan da ake sha lokacin bayofsi, da M, E, S, T, sai ya ba da kason yiwuwar ƙarfin ƙoda ya ragu da rabi ko ta gaza cikin shekara biyar. Ki roƙi likitanki ya lissafa a gabanki. Ba zai ce miki shekara kaza suka rage ba. Zai ce cikin mutum 100 masu irin takardarki, kaza ne abin zai same su.

Malamar Lissafi:

Likita, Allah ya saka da alheri. Rabona da barci kamar na jiya tun ranar da na karɓi takardar.

Amma ka ba ni wani sabon aikin. Na zauna na lissafa: in a ce kashi 5 na matatuna suna da jinjirin watan nan, yiwuwar a zaro 14 ba a ci karo da ko ɗaya ba ita ce 0.95 a ninka da kanta sau 14, wajen kashi 49. Kusan rabi! In kashi 10 ne, kashi 23. To C0 ɗin da na yi murna da ita, sifili ce ta gaske ko sifilin ƙaramin samfur?

Na biyu, na ci karo da wani rini da ake kira C4d, an ce wanda aka ga yana da shi ƙodarsa ta fi saurin lalacewa. A takardata ba a ambace shi ba ko kaɗan. An manta ne? Sai an sake soka min allura?

Mai Madubi:

Lissafinki daidai ne, Malama, da ma ɗalibaina suna yinsa. C0 na nufin ba a gani ba a abin da aka ɗebo. Abin da take iya kawarwa da ƙarfi shi ne jinjirin wata mai yawa: in da kwata na matatunki ne suka kamu, da wuya 14 su fito tas, ki buga 0.75 ki gani. Mai irin wannan kuma jininsa ke tona shi, kiriyatinin yana hawa cikin makonni. Shi ya sa ba a karanta gilashi ba tare da jini da fitsari ba.

C4d ba mantawa aka yi ba, ba ya cikin abin da ake yi wa kowa. Ga tushensa. A jini akwai wasu furotin na garkuwa da ke tashi ɗaya bayan ɗaya kamar an kunna ashana a layi, ana kiransu kwamfilimen. C3 da kika gani ɗaya ne daga cikinsu, kuma yana tare da IgA a kusan tara cikin goma na masu cutar nan, don haka bai bambanta ki da kowa ba. Hanyoyi uku ake kunna layin. Idan aka ga C4d ba tare da C1q ba, alama ce ta hanyar da ake kira ta laktin, wadda ke gane sukarin da ke jikin furotin. Kuma matsalar IgA ɗin masu cutar nan tun asali ta sukari ce: wani sukari mai suna galaktos ya yi ƙaranci a wuyansa, jiki ya ɗauke shi baƙo ya yi masa wata garkuwar, su biyun su dunƙule su tafi ƙoda.

Mario Espinosa da abokansa a Kurɗuba ta Sifaniya ne suka fi bin wannan sawu. A 2014 sun wallafa bayanin mutum 283, inda masu C4d a matata suka fi waɗanda ba su da shi kaiwa ga gazawar ƙoda nesa ba kusa ba. Sai ga abin da ke sa ni taka-tsantsan. An ƙera magani mai toshe hanyar laktin ɗin, narsofilimab, aka yi masa babban gwaji, a 2023 aka sanar cewa bai rage furotin fiye da maganin bogi yadda ake buƙata ba. Alama na iya nuna inda hayaƙi yake ba tare da ta ba ka guga ba.

Ba sai an sake soka ki ba. Ragowar namanki yana nan daskare cikin kakin da muke ajiye shi, ana iya yanko wani a rina. Tambayar da zan so ki yi wa likitanki ita ce: in ya fito akwai, me za ka canza? In ya ce babu, kin sayi rashin barci ne kawai.

Dattijon Zaure:

'Yata, sannu. Ni ba likita ba ne, tsohon majinyaci ne. An yi min bayofsin farko a 2007, lokacin ba a ma ƙirƙiro haruffan nan ba, sakin layi guda aka rubuta min wanda ni da likitan muka karanta muka kalli juna. eGFR ɗina a lokacin 74. Bana 52. Ki raba da kanki.

Amma ba a miƙe ya sauko ba, kuma abin da nake so ki ji ke nan. Ina da wani littafi mai bangon shuɗi da nake rubuta furotin da awon jini tun daga farko. Shekara takwas furotin ɗina yana ƙasa da giram ɗaya, ƙodar ba ta motsa ba sai da ɗigo ɗaya ko biyu. Sai na ji garau. Ba kumburi, ba jan fitsari, na ce wannan ƙwaya ta ishe ni. Na ajiye magani wata takwas ban gaya wa kowa ba, har da mai ɗakina. Da na koma, furotin ya kai 2.3, awon jini 160/100, eGFR ya faɗi da 11. Ba su dawo ba har yau. Rabin duk abin da na rasa, a wata takwas ɗin nan na rasa shi, da hannuna.

Aka sake bayofsi a 2016, ya fito da E1 da T1. Aka ba ni furednisolon, sitirod mai danne garkuwar jiki, wata shida. Fuskata ta zama kamar faranti, sukarina ya hau, dare ya zame min rana, na yi faɗa da duk wanda ya gaishe ni. Furotin ya sauka, gaskiya, amma ba abin da zan yi wa wani fata ba ne sai da dalili.

Takardar bayofsin tana cikin akwati, na fi shekara biyar ban buɗe ta ba. Littafin shuɗin nan kuwa yana kan teburi. Ki sayi na'urar awon jini ta hannu, ki samu littafi. In kika riƙe furotin ƙasa da giram ɗaya kin tsira.

Likita Mai Neman Ƙwarewa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Duk abin da ka faɗa na yarda da shi ban da jimlar ƙarshe, kuma ka yi haƙuri in yi gyara, don mu ma haka aka koya mana.

Giram ɗaya shi ne layin da jagoran KDIGO na 2021, wato ƙa'idojin kula da cututtukan ƙoda na duniya, ya ja. Sai a 2023 aka fitar da bayanan rajistar masu cututtukan ƙoda ta Birtaniya, mutum sama da 2,000 masu wannan cuta. Cikin waɗanda furotin ɗinsu ya zauna tsakanin rabin giram da giram ɗaya, waɗanda muke sallama da murmushi, kimanin kashi 30 cikin 100 sun kai ga gazawar ƙoda cikin shekara goma. Rajistar ta fi tara masu ciwo mai nauyi, kada Malama ta ɗauki lambar ta rataya a wuyanta. Amma ta isa ta sa sabon jagoran 2025 ya sauke layin zuwa ƙasa da rabin giram. Mai shekara 34 ba shekara biyar muke yi wa lissafi ba, 40 muke yi wa.

Malama, abin da ya sa likitanki bai ba ki sitirod ba duk da M1, ba sakaci ba ne. Haruffan nan an gina su ne don hasashe, ba a gwada su a matsayin ma'aunin zaɓen magani ba. A gwajin STOP-IgAN na Jamus, 2015, an fara ba kowa wata shida na maganin hawan jini irin naki da kula sosai, sai kusan kashi ɗaya cikin uku furotin ɗinsu ya sauka har ba su cancanci shiga gwajin ba. Cikin 162 da suka rage, ƙara magungunan danne garkuwa bai hana ƙarfin ƙoda raguwa ba a shekara uku, sai ƙarin cututtuka. Gwajin TESTING, wanda akasari a Sin aka yi, an dakatar da shi da farko saboda munanan cututtuka har da mace-mace a masu shan sitirod mai yawa. Da aka rage yawan aka haɗa da maganin kariya daga ciwon huhu, sakamakon 2022 ya nuna yana kare ƙoda. Wato yana aiki, kuma yana cizo.

Abin da Baba bai samu ba a 2007 ke kina da shi. Dafagiliflozin, wanda aka yi don ciwon sukari, ya nuna yana rage wa ƙoda nauyi har ga marasa sukari. Akwai budesonid da aka naɗe yadda ba zai narke ba sai a ƙarshen ƙaramin hanji, inda ake kyautata zaton gurɓataccen IgA ɗin yake fitowa, Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2021. Sifasentan ya biyo a 2023, iftakofan mai toshe kwamfilimen a 2024. Cewa tushen ba a ƙoda yake ba, dashe ya nuna: cutar kan dawo a sabuwar ƙoda, kuma ƙoda mai IgA in aka dasa wa wanda ba shi da cutar, sai ta washe.

Ma'aunin 2019 da aka ambata miki da bayanan ranar bayofsi yake aiki. An sabunta shi yadda za a sake lissafi bayan shekara ɗaya ko biyu da sababbin lambobi. Haruffan bayofsinki ba za su canza a lissafin ba, sauran lambobin za su iya.

Nas Mai Aikin Dare:

Anti, likitoci sun yi ta manyan bayanai sun bar ƙanana. Mako ɗaya zuwa biyu da fara losatan, ko da ƙara yawansa, a duba miki fotasiyam da kiriyatinin. In kiriyatinin ya ɗan hau kada ki firgita, maganin yana sassauta matsin da ke cikin matata ne, har zuwa kashi 30 ana haƙuri da shi. In gudawa ko amai suka kama ki har kika bushe, ki kira asibiti kafin ki sha na ranar.

Sannan, mace da mace: losatan yana illata ɗan tayi, sifasentan ma haka. In kina da niyyar ƙarin haihuwa, ko ma ba ki da niyya amma ba kya tsari, ki faɗa wa likita tun yanzu. Ana haihuwa da cutar nan lafiya, amma shiri ake yi, a canza magani tukuna.

Malamar Lissafi:

Na dawo bayan wata uku, kamar yadda na yi wa Baba alkawari ta saƙo.

Furotin 0.7. Awon jini a gida yana yawo tsakanin 118/74 da 126/80, an ninka min losatan a wata na biyu. eGFR 64. Da na ga 64 gabana ya faɗi, na fara ja masa layi a kaina, huɗu a wata uku, 16 a shekara, shekara huɗu ke nan. Sai na tuna maganar Nas, na kuma tuna abin da nake faɗa wa 'yan aji uku, cewa ɗigo biyu ba sa nuna lanƙwasa. Likita ya ce abin da ya zata ke nan.

Na tafi da tambayoyina a rubuce wannan karon, guda tara. Ya lissafa min ma'aunin a wayarsa na ga lambar da idona. Ba zan rubuta ta a nan ba, kada wani mai haruffa irin nawa ya ɗauka tasa ce. Ta fi abin da na so, ba ta kai abin da na ji tsoro ba. Na tambaye shi C4d da kalmomin Mai Madubi, in ya fito akwai me za ka canza. Ya yi dariya ya ce wa ya aiko ki, sannan ya ce a yanzu babu. Na bar shi a cikin kakinsa.

Bai gamsu da 0.7 ba, rabin giram yake nema. Ya so ya ƙara dafagiliflozin a ranar, sai na kawo maganar haihuwa, wadda ni da maigida ba mu gama ba tukuna. Ya ajiye biro ya ce to wannan ce ta farko, mu je mu gama mu dawo tare nan da mako shida.

Baba, littafin nawa ja ne, shuɗin ya ƙare. A shafi ɗaya kake haɗa furotin da awon jini, ko kowanne da nasa?